Darasin Juma'a: Ɗan Riƙo a Taron Sallah, da Yaron da Za a Ƙetare da Shi

 

Babbar Sallah ta ƙarato. Mu da fatauci ya kawo mu Kontagora, wasunmu sun fara ɗaure kaya, za su bi hanyar Yawuri su nufi Jega da Sakkwato, wasu Katsina ko Maraɗi. Wasu kuma a nan za su yi layya su kalli hawan Mai Martaba Sarkin Sudan, baƙi su sauka musu daga Legas, Kumasi, Jidda, har da Ingila. A irin wannan taro ake yanke manyan maganganun dangi: aure, rabon gado, da wanda zai ɗauki 'ya'yan mamaci. Darasinmu na yau a kan na ƙarshen ne. Marayu sun ƙaru a ƙasar nan tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Mariga da Rijau da Magama, kuma sau da yawa ɗan'uwan da ya zo daga nesa shi ne mai ƙarfin cewa, "Ku ba ni shi in tafi da shi." To, kafin a ce masa ga shi, ya kamata mu san abin da ke kanmu.

Riƙo daban, mayar da yaro ɗan cikinka daban

Riƙo tsohon abu ne a wurinmu. Ana kai ɗan fari wurin kaka, ana ba gwaggon da Allah bai ba haihuwa ba, ana ba amarya ƙanwa ta taya ta zaman ɗaki. Addini ya ƙarfafa shi, musamman ga maraya. Manzon Allah (SAW) kansa a riƙo ya tashi: mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara shida, kakansa Abdul Muɗɗalib ya riƙe shi, yana shekara takwas ya koma hannun baffansa Abu Ɗalib. Shi ma daga baya ya ɗauki Sayyidina Ali ya riƙe a gidansa. Bukhari ya ruwaito cewa ya haɗa yatsunsa biyu don nuna kusancinsa a Aljanna da mai riƙon maraya.

Abin da aka hana shi ne wanda malamai ke kira tabanni, wato a cire wa yaro sunan ubansa a liƙa masa na wani. Asalin hukuncin yana cikin labarin Zaidu ɗan Harisa. An kama shi yana yaro a wani hari, aka sayar da shi a kasuwar Ukaz, ya faɗo hannun Nana Khadija, ita kuma ta ba Manzon Allah (SAW). Mahaifinsa da baffansa suka bi sawu har Makka da kuɗin fansa. Aka ba Zaidu zaɓi, ya zaɓi zama, mutane suka riƙa kiransa Zaidu ɗan Muhammadu. Da aya ta 4 da ta 5 ta Suratul Ahzab suka sauka, aka yi umarni a riƙa kiran irin waɗannan 'ya'ya da sunan iyayensu maza, sai ya koma Zaidu ɗan Harisa. Ku lura da kyau: ba a kore shi daga gidan ba, ƙaunar da ake masa ba ta ragu ba, kuma shi kaɗai ne sahabin da aka ambaci sunansa a Alƙur'ani. Suna kawai aka mayar wa mai shi.

Hukunci huɗu da mai riƙo zai riƙe

Na ɗaya, nasaba. Yaro ya san sunan ubansa da garinsu da danginsa. Wanda aka tsinta ba a san iyayensa ba, ɗan'uwanmu ne a addini, ɗa ne mai 'yanci, kuma kula da shi wajibi ne a kan jama'a har sai wani ya ɗauke nauyin.

Na biyu, gado. Ɗan riƙo yana gadon iyayensa na jini, riƙo kaɗai ba ya sa ya gaji mai riƙonsa. Amma shari'a ta bar ƙofa biyu a buɗe: wasiyya da ba ta wuce sulusin dukiya ba, da kyauta tun mutum yana raye. A mazhabarmu ta Malikiyya kyauta tana cika ne idan an damƙa ta a hannu. Don haka Alhajin da yaro ya yi shekara ashirin yana tsare masa rumfa, in yana son bar masa wani abu, ya rubuta yanzu da shaidu. Kada a bari sai ranar sadakar bakwai yaron ya ji cewa ba shi da ko buhu ɗaya a sito.

Na uku, muharramci. Girma a ɗaki ɗaya ba ya haramta aure, kuma ba ya ɗauke hijabi bayan balaga. Abin da ke haramtawa shi ne shayarwa a cikin shekara biyun farko.

Na huɗu, dukiyar maraya. Gonar ubansa, shanunsa, kuɗin da ya bari a hannun abokan ciniki, duk amana ce. Farkon Suratun Nisa'i ya yi gargaɗi mai tsanani a kan cin ta. A rubuta, a juya masa in za a juya, a miƙa masa a gaban shaidu idan ya yi hankali.

Idan tafiyar ta ƙetare iyaka

A nan ne wuyar take. A yawancin ƙasashen Turai da Amurka, idan kotu ta ba mutum yaro, sabuwar takardar haihuwa ake yi masa da sunan sababbin iyaye. Riƙo irin namu kuwa bai cika isa a ba yaro biza ba, duk da cewa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara ta ambaci kafala ta shari'ar Musulunci a sashe na 20. Shi ya sa shaiɗan ke raya wa mutum gajeriyar hanya: a yi wa yaro fasfo a rubuta baffansa a matsayin uba. Jama'a, wannan shi ne ainihin abin da aya ta hana, ga shi kuma laifi ne a doka. Ofisoshin jakadanci kan nemi gwajin jini, kuma in asiri ya tonu, yaron ne ke fara shan wahala.

Duniya ta ga abin da ke faruwa idan aka raba yaro da asalinsa a takarda. A watan Oktoba na 2007 aka kama 'yan wata ƙungiyar Faransawa mai suna Arche de Zoé a Abeshe ta ƙasar Chadi, suna shirin ɗaukar yara 103 a jirgi da sunan marayun Darfur. Da aka bincika, yawancinsu 'yan Chadi ne masu dangi a raye, kuma da yawa an yaudari iyayensu ne da alkawarin makaranta. Koriya ta Kudu ta tura yara wajen 200,000 ƙasashen waje tun bayan yaƙinta, kuma a 2025 wata hukumar bincike ta ƙasar ta tabbatar an yi ƙarya a takardun da yawa daga cikinsu. Yau ga su nan da furfura suna komawa neman uwayensu. Habasha ta rufe wannan ƙofa a 2018, Sin ta bi baya a 2024. Ingila kuma tun 2021 ta sa takunkumi kan ɗauko yara daga Najeriya saboda rashin ingancin takardu da fataucin yara. A gida ma ba mu manta da yara tara da 'yan sanda suka ceto a 2019 ba, waɗanda aka sace daga Kano aka kai Anacha aka canza musu suna.

Saboda haka, duk wanda za a ba yaro ya tafi da shi, ko Kumasi ne ko Jidda ko Landan, a tabbatar da waɗannan:

1. Uwar yaron ta yarda da bakinta, ba don an fi ƙarfinta a taron maza ba. Muddin ba ta sake aure ba, ita ta fi kowa haƙƙin reno.
2. A yi masa takardar haihuwa a Hukumar Ƙidaya da sunan ubansa na gaskiya, a bar kwafi a gida.
3. A rubuta yarjejeniya da shaidu: wa ya ɗauka, ina za a kai shi, karatu zai yi ko aiki, yaushe zai zo ganin gida.
4. A bi ta kotu da ma'aikatar kula da mata da yara ta jiha. Baƙon da ya zo da alkawarin karatu kyauta yana kuma gaggawa, a sanar da mai unguwa ko hukumar NAPTIP.
5. In abin da ake so taimako ne, a duba ko aiko da kuɗin makaranta da na abinci ya fi, yaron ya zauna kusa da uwarsa.

Ranar Sallah

A taron Sallah ake gane matsayin ɗan riƙo, kuma yaro yana gani ko bai yi magana ba. Yana ganin wanda aka ɗinka wa shadda da wanda aka ba kwance. Yana ganin wanda aka sa a hoto da wanda aka tura wankin kayan ciki. Yana ji in baƙo ya tambaya aka ce, "A'a, wannan riƙo ne kawai." Karin maganar nan da ke cewa tsintacciyar mage ba ta mage, kada a bari ta shiga kunnen yaro a gidan Musulmi. Haka agola, wanda uwarsa ta shigo da shi, shi ma yana da haƙƙin a kyautata masa.

A ɗinka musu iri ɗaya, a ba su barka da Sallah daidai, su ci a kwano ɗaya. Sannan a tuna zumunta a ƙafa take: a kai yaro ya gaida uwarsa da kakanninsa da ƙunshin nama a hannunsa, in nesa ce a kira masa su a waya ya gan su. Wanda ke riƙo a ƙasar waje ya dage da yi masa Hausa, domin ranar da ya dawo ya iya gaida kakarsa ba da tafinta ba.

Duk mai son rubuta wasiyya ko yarjejeniyar riƙo kafin tafiya, ya same mu bayan sallar La'asar, Liman zai duba, za a samo shaidu. Allah Ya jiƙan iyayen marayunmu, Ya ba masu riƙo haƙuri da lada, Ya kai matafiya lafiya Ya dawo da su lafiya. Amin.

Sakataren Masallaci