Abin Da Ya Sa Nas Ke Tambayarka Daga Ina Ka Taso

'Yan uwa mazauna Tamanrasset, aikina jinya ne, kuma ɗalibai masu koyon aikin suna biyowa ta hannuna a ɗakin marasa lafiya. Akwai tambayar da ke ɓata wa mutanenmu rai, ita nake son mu yi magana a kai.

A Aljeriya, wanda ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare shekara 3 yake yi kafin ya zama nas na gwamnati. Ana koya masa sassan jiki, allura, ƙarin ruwa, awon jini, lissafin magani da wankin rauni, ana kuma tura shi asibiti ya yi da hannunsa. Duk mai himma zai iya waɗannan. Abin da ya fi ba ɗalibai wuya shi ne su zauna su ji tarihin mara lafiya kafin su taɓa shi.

A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Aljeriya ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Abin alfahari ne, sai dai ɗalibin da ya taso a arewacin ƙasar yana iya kammala karatu cutar a littafi kawai ya santa. Mu kuwa kilomita kusan 400 ne tsakaninmu da In Gezzam, daga can sai Assamaka, Arlit da Agadas. Bayan damina mutane na shigowa da ƙwayar cutar a jininsu, sai bayan kwana 10 zuwa 15 da cizon jiki ya ɗau zafi. A Satumban 2024 zazzaɓin ya haɗu da mashaƙo ya ɓarke a kudancin nan, har da Tamanrasset.

Shi ya sa nake hana ɗalibi rubuta "mura ce" kafin ya tambayi inda mutum ya kwana makonni biyu da suka wuce. Amsar ce ke sa a huda yatsa a yi gwajin da ke fitowa cikin minti 20. In aka bari, wannan zazzaɓin kan taɓa ƙwaƙwalwa ko ƙoda, musamman ga yara da masu juna biyu.

Ga kuma harshe. Karatun da Faransanci ne, majinyacin kuwa Hausa ko Buzanci yake ji. Sau da dama tsohuwa za ta ce "jikina ne ba daɗi", ɗalibi ya tsaya yana kallona. A ganina nas mai jin Hausa a garin nan ya fi wata na'urar amfani, don haka iyaye ku bar 'ya'yanku su shiga wannan karatu, mata da maza.

Na san wasu tsoro ke sa su ɓoye inda suka taso, musamman baƙi. Riƙe sirrin mara lafiya yana cikin abin da aka horar da mu a kai. Don Allah in nas ya tambaye ka daga ina ka taso, faɗa masa garin, da ranar da ka baro shi, da duk maganin da ka sha a hanya.