Android buɗaɗɗiyar manhaja ce, to me ya sa wayarka take a kulle?

Darasin yau ya samo asali ne daga wani ƙanena mai sana'ar POS a Kwanar Ɗangora. Wayarsa ta ishe shi da talla, ga manhajoji rututu da ta zo da su waɗanda ba sa gogewa, ga data na ƙarewa bai san inda take tafiya ba. Sai ya kalli wani bidiyo, ya kai ta wurin mai gyara aka yi mata abin da ake kira rutin. Talla ta ɗauke kuwa. Amma da gari ya waye manhajar bankinsa ta ƙi buɗewa, ya yi kwana biyu yana mayar da kwastomomi, daga ƙarshe sai da ya shiga mota zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano aka mayar masa da ita yadda take. Hotunansa da lambobin da bai ajiye a ko'ina ba duk sun tafi.

Da ya dawo ya ce da ni, "Yaya, ba ku ne kuke cewa Android ta kowa ce, kowa na iya sauya ta ba?" Tambayar tasa tana kan hanya, don haka bari mu warware ta tun daga tushe.

Me ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja?

Kowace manhaja tana da rubutunta na asali, wato umarnin da masana suka rubuta kafin a mayar da shi yaren na'ura. Idan an fitar da wannan rubutu fili, aka ba kowa izinin ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu, ita ce buɗaɗɗiyar manhaja. Kamar mai kilishi ne ya bayyana haɗin yajinsa, ya ce duk mai so ya yi, har ya ƙara nasa. Richard Stallman ne ya fara wannan fafutika a Amurka da shirin GNU a 1983, shi ne kuma ya fito da lasisin GPL. Sharaɗin lasisin a taƙaice: in ka ɗauka ka gyara ka raba wa jama'a, dole kai ma ka ba su rubutun gyaran da ka yi. A ƙarƙashin irin wannan lasisi Linux take, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma Linux ce zuciyar kowace wayar Android.

Sai dai abin da ke cikin wayarka hawa-hawa ne. A can ƙasa akwai Linux. A kanta akwai gundarin Android, wanda ake kira AOSP, shi ma a buɗe yake, amma lasisinsa na Apache bai tilasta wa kamfani ya bayyana gyaran da ya yi ba. Daga nan sauran duk a rufe suke: kayan Google irin su Play Store da Gmail da Maps, rigar da kamfani ya ɗinka wa wayar (HiOS a Tecno, XOS a Infinix, One UI a Samsung, HyperOS a Xiaomi), da kuma ƙananan manhajojin da ke tuƙa kyamara da eriya da wurin dangwala yatsa, waɗanda ke fitowa daga masu ƙera ƙwaƙwalwar wayar kamar MediaTek da Unisoc da Qualcomm. Wannan haɗin gaba ɗaya, yadda kamfani ya dasa shi a cikin waya, shi masu gyara ke kira famwaya, shi suke zubawa idan sun ce za su yi filashin.

Mai gadin zaure

Idan ka danna madannin kunna waya, ba Android ce ke fara tashi ba. Wata 'yar ƙaramar manhaja ce mai suna butloda. Ɗauke ta a matsayin mai gadin zaure: tana duba babbar manhajar da ke shirin shiga, ta ga ko tana ɗauke da hatimin kamfani. In hatimin ya yi daidai ta buɗe mata, in an taɓa ko da ɗan abu kaɗan ne ta hana. Ka ga ke nan ko da kana da rubutun Android gaba ɗaya a hannunka, ka gyara shi yadda kake so, wayar ba za ta karɓa ba sai mai gadin ya yarda. Gidan naka ne, ka biya kuɗinsa, amma makullin zaure yana aljihun magini.

Wannan rigima ta girmi wayoyinmu. Kamfanin TiVo na Amurka ya ƙera akwatin naɗar shirye-shiryen talabijin da Linux, ya kuma fitar da rubutun kamar yadda lasisi ya ce, amma ya sa akwatin ya ƙi duk manhajar da ba ta da hatiminsa. Bai karya doka ba, ya dai zagaye ta. Saboda haka ne Stallman da mutanensa suka fitar da GPL kashi na 3 a 2007, wanda ya toshe wannan kafa a kayan da ake sayar wa jama'a. Torvalds bai yarda ba, ya bar Linux a kashi na 2. Wannan saɓani na 2007 shi ne ya sa har yau kamfanin wayarka ke da ikon kulle ta ba tare da ya saɓa wa lasisin Linux ba.

Kullewar nan ba mugunta ce zalla ba

A yi wa kamfanoni adalci. Duk wanda ya san yadda ƙwacen waya ya addabi Kano ya san amfanin kulle. Tun daga Android 5.1 akwai tsarin FRP: in ɓarawo ya goge wayar, ba za ta buɗe ba sai an saka asusun Google na mai ita. Da a ce kowa na iya zuba wata manhajar cikin minti biyar, da wannan kariya ba ta da wani amfani. Haka masu ba da waya bashi a riƙa biya kaɗan-kaɗan, irin su EasyBuy da M-KOPA, da kulle suka dogara: ka daina biya, waya ta rufe. Ba don haka ba da matasa da yawa a Kiru da Tudun Wada ba su riƙe babbar waya ba. (Af, in wayarka ta bashi ce, kada ka bari kowa ya taɓa famwayarta da sunan cire kullen. Wannan cin amana ne, ba 'yancin manhaja ba.)

Amma ƙofar da ta hana ɓarawo shiga ita ce ke hana ka fitar da ƙazanta idan a ciki aka haife ta. A watan Agustan 2020, Secure-D, wani sashen yaƙi da zamba na kamfanin Upstream, ya bayyana cewa ya gano miyagun manhajoji biyu, Triada da xHelper, a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 a ƙasashe irin su Habasha, Kamaru, Masar, Ghana da Afirka ta Kudu. Ba masu wayoyin ne suka sauko da su ba, tun a kwali suka zo da su. Aikinsu shi ne ƙoƙarin yi wa mutum rajistar wasu tsare-tsare masu cin kati ba da saninsa ba, suna kuma zuƙe data. Ko an goge wayar an mayar da ita kamar sabuwa, sai abin ya dawo, domin a cikin famwaya yake zaune. Transsion, uwar kamfanin Tecno da Infinix da itel, ta ce wani daga cikin masu yi mata aiki kafin wayar ta iso kasuwa ne ya cusa, kuma ta fitar da gyara. Ko da mun karɓi bayaninsu, a kulle wayar take, mai ita ba shi da ta yi sai jiran kamfani.

Sannan akwai maganar tsufa. Tun daga 20 ga Yunin 2025, dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da waya a can su ci gaba da sabunta babbar manhajarta na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin. Mu nan ƙaramar waya kan daina samun sabuntawa alhali batirinta da gilashinta lafiya lau. A nan ne buɗaɗɗiyar manhaja ke da rana: LineageOS, wadda ta gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016, tana ba tsofaffin wayoyi sabuwar Android bayan kamfani ya yi watsi da su. Matsalarmu ita ce jerin wayoyin da suke tallafawa cike yake da Pixel, Motorola, OnePlus, Xiaomi da Samsung, da ƙyar ka ga irin waɗanda suka cika aljihunanmu. Masu aikin sa kai ne, kuma ba sa iya gina komai a kan wayar da ba a fitar da rubutun Linux ɗinta da bayanan ƙwaƙwalwarta ba.

Ƙofar ma ƙara tsukewa take yi. Huawei ta daina ba da lambar buɗe butloda tun 2018. Xiaomi takan sa ka jira kwanaki, yanzu kuma ta ƙara sharuɗɗa. Samsung ta cire zaɓin buɗewar a One UI 8 a 2025. Ita kuma Google ta sanar a Agustan 2025 cewa za ta buƙaci duk mai ƙirƙirar manhaja ya yi rajista da ita ko da ba ta Play Store yake rabawa ba, za a fara da Brazil, Indonesiya, Singafo da Tailan a Satumbar 2026. Masu F-Droid sun ce wannan barazana ce ga wanzuwarsu.

Yadda za ka gane matsayin wayarka

Shiga Settings, ka gangara About phone, ka danna Build number sau 7 a jere. Wani sabon ɗaki mai suna Developer options zai bayyana, galibi a ƙarƙashin System. A ciki nemi OEM unlocking. In yana nan kuma yana kunnuwa, akwai yiwuwar wayarka na buɗuwa. In babu shi ko ya dushe, mai yiwuwa kamfani ne ya rufe. Kunna shi kaɗai ba ya buɗe komai, a yawancin wayoyi sai an haɗa da kwamfuta an ba da umarni ta fastboot.

Kafin ka yi hakan ka san kuɗin shiga. Buɗe butloda yana goge duk abin da ke cikin wayar, babu makawa, da gangan aka tsara shi haka don kare bayanan mai ita. Garantinka na iya tafiya. A Samsung akwai wani ɗan fis na Knox da ke ƙonewa har abada, ko ka sake kullewa ba ya dawowa. Babban abin kuma shi ne wanda ya kama ƙanena: Google na da tsarin Play Integrity da manhaja ke tambaya ko wayar tana nan yadda kamfani ya fitar da ita, kuma manhajojin banki da yawa ba sa aiki in amsar ta zo a'a. Akwai dabarun ɓoyewa, amma wasan ɓuya ne, yau su yi aiki gobe a toshe su. Wayar da kake cin abinci da ita ba wurin gwaji ba ce.

Wani gargaɗi ga masu wayar MediaTek. A SP Flash Tool akwai zaɓin Format All + Download. Yana share har sashen NVRAM inda lambar IMEI take, sai ka ga waya ta tashi tsaf amma babu sabis. In za ka ba da filashin, tambayi mai gyaran ko ya kwafe wannan sashe tukuna, kuma ko fayil ɗin da zai zuba na ainihin samfurin wayarka ne. In ya fara kame-kame, karɓi abarka.

Abin da za ka iya yi ba tare da fasa ƙofa ba

A gaskiya yawancin abin da ke tura matasa yin rutin ana samunsa ba tare da shi ba. Manhajojin da suka zo da waya ana iya kawar da su ta ADB: ka kunna USB debugging a Developer options, ka haɗa da kwamfuta, ka rubuta adb shell pm uninstall -k --user 0 sannan cikakken sunan manhajar. Ba ta fita daga famwaya, amma ta daina aiki a wurinka, kuma butloda na nan a kulle, banki ba ruwansa. Ka tsaya kan abin da ka tabbatar talla ne ko wasa. In ka cire abin da ba ka sani ba waya na iya rikicewa, sai ka goge ta gaba ɗaya kafin ta dawo.

Sai F-Droid, kasuwar buɗaɗɗun manhajoji da ke nan tun 2010, daga shafinsu na f-droid.org kaɗai za ka sauko da ita. A ciki akwai NetGuard, wadda ke ba ka damar hana kowace manhaja taɓa data ba tare da rutin ba, ita na saka wa ƙanena yanzu. Akwai LocalSend ta tura fayil tsakanin wayoyi ta hotspot babu talla, da VLC ta bidiyo. Mai bin hanyar Doguwa ta dajin Falgore, inda sabis ke ɗaukewa, ya sauke taswirar Najeriya a Organic Maps tun yana gida, tana aiki babu intanet.

In kuma koyo kake so, kana son ka ga cikin Android da idonka, nemi tsohuwar waya ta hannu wadda sunanta da lambar samfurinta ke cikin jerin LineageOS. Duba jerin tun kafin ka biya, a gaban mai shagon ka buɗe Developer options ka ga OEM unlocking na kunnuwa, ka kuma tabbatar an cire asusun Google na tsohon mai ita. A darasi na gaba za mu ɗauki irin wannan waya mu bi matakan buɗe ta ɗaya bayan ɗaya, don haka ka tanadi kebul mai kyau da kwamfutar da batirinta ke riƙe caji, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar filashin na iya kashe waya.