Darasi Ga Ƙungiyoyin Gama Kai: Yadda Za Mu Fara Ɗakunan Haya

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi. Masara da dawa da waken soya sun shiga rumbu, auduga tana kan hanyar kasuwa. Kowace shekara mukan tambayi juna: ina za mu ajiye ɗan abin da ya ragu? Kuɗi a ƙarƙashin katifa narkewa yake yi kamar gishiri a ruwa, musamman tun 2023 da darajar naira ta faɗi ƙwarai. A wannan darasi za mu duba wata hanya, wato gina ɗakuna ko shaguna domin haya.

Me ya sa ake neman ɗaki?

Funtua gari ne na ciniki tun zamanin da jirgin ƙasa da gidan gurzar auduga suka raya shi. Aikin raya noma na Funtua, wanda Bankin Duniya ya taimaka aka fara a 1975, ya ƙara jawo ma'aikata da 'yan kasuwa. Malumfashi kuma tana da asibiti da makarantu, ɗalibai da ma'aikata suna bukatar wurin kwana. A shekarun nan kuma rashin zaman lafiya a wajajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ya sa iyalai da yawa sun dawo cikin gari. Masu sayen hatsi ma suna neman sito kusa da kasuwannin Dandume da Bakori.

Na farko, kada mu sayar da gona

Gona ita ce uwa. Wanda ya sayar da gonarsa domin ya gina gidan haya ya yanka saniya ne don ya sayi ƙwarya. Da rarar amfanin gona za mu yi gini, ko da kuɗin adashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka ya fi kyau ƙungiya ta haɗa ƙarfi ta sayi fuloti ɗaya da sunanta, ba da sunan shugaba ko ma'aji ba.

Na biyu, mu binciki filin

Ba a cinikin biri a sama. Mu je mu ga filin da idonmu, da damina in ya yiwu, mu ga ko ruwa yana kwanciya. Mu tambayi mai unguwa da maƙwabta. In filin gado ne, mu tabbata dukan magada sun yarda, kada mu tsaya ga maganar dillali kaɗai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana. A cikin birni takardar izinin mallaka daga gwamnatin jiha take fitowa, a karkara kuwa ƙaramar hukuma tana da ikon ba da izinin zama bisa al'ada. Mu sa safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka, a rubuta ciniki a gaban shaidu, a kai ofishin ƙasa.

Na uku, mu yi lissafi

A cikin Luka sura 14 Ubangijinmu ya koya mana cewa mai son gini yakan fara zama ya ƙididdige abin da zai kashe, don kada ya bar aiki a rabi. Tun da farashi yana canjawa, mu yi lissafi da buhu. Alal misali, in ɗaki ɗaya ya ci buhu 40 na masara, hayarsa kuma buhu 5 ce a shekara, mu ware buhu 1 domin gyara da watannin da ɗaki zai zauna ba kowa. Saura buhu 4. Sai bayan shekara 10 ke nan jarin zai dawo. Wanda yake bukatar kuɗinsa baɗi domin taki ko kuɗin makaranta, wannan hanya ba tasa ba ce. Mu fara da ɗaki biyu, da masai, da hanyar samun ruwa. Ɗaki biyu da aka rufe da kwano sun fi goma da suka tsaya a linta.

Na huɗu, mu riƙe 'yan haya da gaskiya

A rubuta yarjejeniya: nawa ne, yaushe za a biya, wa zai gyara yoyo. A ba da rasidi kowane lokaci. Ɗan ƙungiya ma ya biya kamar kowa. Amma mu tuna, da yawa cikin masu neman ɗaki yau manoma ne irinmu waɗanda aka raba da gonakinsu. Kada mu mai da wahalarsu kasuwa. Kirista ne ko Musulmi, farashi ɗaya, mutunci ɗaya.

Tambayoyi domin taronmu

1. Buhu nawa ƙungiyarmu za ta iya warewa kowace kaka ba tare da ta taɓa kuɗin taki ba?
2. Su wa za mu naɗa su binciki fili su kawo mana rahoto?
3. In ɗan haya ya kasa biya saboda ciwo ko rashin amfanin gona, me za mu yi?

Allah ya ba mu hikima, ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.