Hankaka da danginsa

Ran kasuwar Madawa, ku duba wajen mahauta. Za ku ga wani baƙin tsuntsu mai farin ƙirji da farin wuya, sai ka ce ya sa ƴar shara. Shi ne hankaka. Ana ganinsa a Buza da Keita, cikin gari da cikin fadamar Majiya. Tsawonsa ya kai santimita 50. Da faransanci ana ce masa "corbeau pie".

Masana sun kasa tsuntsaye dangi-dangi, kamar yadda mutane suke. Kowane dangi yana da gidaje, kowane gida yana da iri-iri. Dangin hankaka sunansu Corvidae. Sun fi iri 120 a duniya. Dukkansu suna da ƙaƙƙarfan baki, da murya marar daɗi, da wayo.

A cikin wannan dangi, bari mu dubi gida biyu.

Gida na farko shi ne Corvus. Nan hankakanmu yake. A shekarar 1776 aka sa masa suna Corvus albus. Yana da ɗan'uwa a arewa, wajen hamada, wanda ba shi da fari ko kaɗan, wuyansa kuma ƙasa-ƙasa ne.

Gida na biyu shi ne Pica. Faransawa suna ce wa tsuntsun wannan gida "pie". Shi ma baƙi ne da fari, amma bai kai hankaka girma ba, kuma yana da doguwar wutsiya. Babu shi a Nijar. Akwai iri ɗaya a Turai da Asiya, wani a Maroko da Aljeriya da Tunisiya, wani kuma a Amurka ta Arewa.

Ku lura: baƙin hankakan hamada ya fi kusa da namu bisa ga "pie", ko da yake "pie" ne mai kala irin tasa. Ashe kala kaɗai ba ta nuna dangantaka. Sai an duba baki, da wutsiya, da ƙirar jiki.

Hausawa suna yi masa kirari: hankaka mai da ɗan wani naka. Akwai gaskiya a ciki. Wani tsuntsu mai tukku, "coucou geai", yakan saka ƙwansa cikin sheƙar hankaka. Hankaka ya ƙyanƙyashe shi, ya ciyar da ɗan har ya girma.

Hankaka yakan saci ƴan tsaki da ƙwai. Amma yana cin mushe da fara da ɓeraye, yana rage ƙazanta a gari. Don haka kada mu ɓata sheƙarsa. Mu rufe ƴan tsakinmu cikin akurki.

Tambayoyi
1. Mene ne sunan dangin hankaka?
2. Mene ne bambancin hankaka da "pie"?
3. Wane amfani hankaka yake da shi a garinku?
4. Ku tambayi kakanninku tatsuniyar da hankaka ya fito a ciki, ku zo ku faɗa mana gobe.