Me Ya Sa Ake Jan Buroshi a Kan Ciyawar Filin Golf?

Tambaya: Malam, ban daɗe da samun aiki a wani filin wasan golf ba. Kullum da asuba shugabanmu sai ya sa mu ja buroshi a kan girin, wato dandalin nan mai gajeriyar ciyawa da ke kewaye da rami, alhali ko tsinke babu a wurin. Mene ne amfanin wannan wahala? Daga wani mai karatu a Abuja.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa, Allah Ya sa albarka a sabon aiki. Shugabanku ya san abin da yake yi, domin ita kanta ciyawar ake gyarawa da buroshin.

Gobe idan ka isa, durƙusa ka shafa ciyawar da tafin hannu. Ta wani ɓangaren za ka ji santsi, idan ka juyo kuma ka ji kaushi. Dalili shi ne ciyawar da aka fi shukawa a ƙasashe masu zafi dangin ƙiri-ƙiri ce, wadda Turawa ke kira Bamuda, kuma ɗabi'arta yaɗo. Ganyenta kwanciya yake yi ya fuskanci gefe guda. Ƙwallon da ta bi kwanciyar sai ta zarce, wadda ta tunkare ta sai ta tsaya kafin ta kai rami. Injin da ke yanke girin kuwa an saita shi wajen milimita 3 ne daga ƙasa, don haka ganyen da ya kwanta sai injin ya wuce ta kansa bai taɓa shi ba. Buroshi ne ke miƙar da shi tsaye, kamar yadda mai aski ke taje suma kafin ya sa almakashi. Shi ya sa ake jan buroshi kafin yanka, kuma ake sauya alkibla kullum: yau gabas zuwa yamma, gobe kudu zuwa arewa. Wannan sauyin ne na fi so ka riƙe, don wanda ke ja ta hanya ɗaya kowace rana shi da kansa yake koya wa ciyawar kwanciya.

Ana ma auna sakamakon aikin. A 1935 wani Ba'amurke, Edward Stimpson, ya ƙirƙiro wata sanda mai kwari a tsakiya, a ɗora ƙwallo a ɗaga har ta gangaro, a auna nisan da ta yi. Hukumar golf ta Amurka ta raba wa filaye irinta a 1978. Ƙafa 8 zuwa 10 ya wadatar a wasan yau da kullum, a manyan gasa kuwa akan kai 12 ko fiye.

Sai batun raɓa. Ganyen da ya kwana a jiƙe, idan aka bar shi har hantsi, funfuna na samun wurin zama, sai ka ga tabo-tabo launin kara sun ɓullo. Kakkaɓe raɓar da buroshi da sassafe na rage wannan sosai.

Akwai kuma ranar zuba yashi. Matattun saiwoyi da kara suna taruwa ƙarƙashin ciyawa su yi kauri, su hana ruwa da iska shiga. Maganinsu shi ne a huhhuda girin da inji, a barbaɗa yashi mai laushi, sannan a bi da buroshi har ya cika ramukan ya nutse tsakanin ganye. 'Yan wasa kan yi gunaguni a makon da aka yi hakan, amma girin da ba a hudawa ba ya daɗewa. Al'adar zuba yashi ta tsufa: ana danganta ta ga Old Tom Morris, wanda ya karɓi kula da filin St Andrews na Sikotilan a 1864. Idan yashi ya rage a sama zai dakushe wuƙar inji, saboda haka kada ka yi garaje a wannan rana.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne nauyin hannu. Buroshi na ɗan raunata ganye, kuma ciyawa na warkewa ne kawai lokacin da take girma da ƙarfi, kamar da damina. A sanyin hunturu, da girmanta ke ja baya, ko a tsananin zafin Maris da Afrilu, a yi amfani da mai laushi, a kuma rage yawan ja. Idan ka ga bakin ganye ya yi fari-fari ko ƙasa ta fara leƙowa, ka sanar da shugabanku tun kafin a sa inji.