DALMA A HARSASHIN MAHALBA: ME ZAI MAYE GURBINTA?

Ƴan'uwa manoma da mahalba na Sae Sabuwa, Agye da Gazawa, darasinmu na wannan fitowa a kan ƙwayoyin dalma ne da ake ɗura wa bindigar toka.

Dalma guba ce. Idan ƙwaya ta shiga jikin zabon daji ko zomo, takan farfashe ta bar ɓurɓushi cikin nama, wanda ido ba ya gani, wuta kuma ba ta kashe shi. Ƙananan yara da mata masu ciki su ta fi cuta: tana kawo ciwon ciki da ƙarancin jini, ta dakushe ƙwaƙwalwa, in ta yi yawa yaro ya riƙa suma. A shekarar 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jahar Zamfara, ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Tsuntsayen ruwa, irin na tafkin Madarunfa, su ma sukan haɗiye ƙwayoyin da suka faɗi cikin laka, suna zaton tsakuwa ce.

Don haka Amurka ta hana halbin tsuntsayen ruwa da dalma a 1991, Danmak ta hana ƙwayoyin dalma gaba ɗaya a 1996. Sai maƙera suka shiga neman madadi. Baƙin ƙarfe yana da araha, amma bai kai dalma nauyi ba, taurinsa kuma yakan ɓata bakin tsohuwar bindiga. Daga nan hankali ya koma ga wani ƙarfe mai suna bismut, wanda nauyinsa ya kusa na dalma, ba shi kuma da gubarta.

To me ya hana shi cika kasuwa? Bismut yana da gautsi. Tun cikin bindiga ƙwayarsa takan dare kamar kasko, sai an gauraya shi da kuza kaɗan kafin ya jure. Wani abin mamaki, in ya narke ya sake daskarewa kumbura yake yi, kamar yadda ruwa ke yi in ya zama ƙanƙara, shi ya sa fitar da ƙwayoyi masu girma ɗaya, mulmulallu, ke ba masana'anta wuya. Babbar matsala ita ce samunsa. Galibi ba a haƙarsa shi kaɗai, wajen tace dalma da wasu ƙarafa ake tsintarsa, kuma ƙasar Sin ce ke fitar da mafi yawansa. Da ta ƙuntata sayar da shi waje a Fabrairun 2025, kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo. A ganinmu, mahalbin ƙauye ba zai iya sayensa nan kusa ba.

Kafin nan, ga abin da ke hannunmu. A yanke naman da ke kewaye da raunin halbi a binne shi. Kada a dafa naman halbi da tsamiya ko lemun tsami, domin tsami na narkar da dalma cikin romo. Kada a ba yara da masu ciki. Mai narkar da dalmar tsohon batirin mota ya yi nesa da gida, kada ya taɓa tukunyar abinci, kada kuma ya riƙe ƙwaya a baki lokacin ɗuri. Yaron da ya haɗiye ƙwaya a kai shi gidan likita ran nan, ko bai nuna ciwo ba.