DARASIN LISSAFI TA WAYA: ABIN DA YA KAMATA IYAYE SU SANI

Yabo ya tabbata ga Allah da Ya sanar da bayinSa ƙidaya da awo. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, tun da aka rufe makarantun Nijar a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, karatu ta waya ya samu shiga gidajenmu. Malaman lissafi da ɗaliban jami'a suna buɗe zauruka a WhatsApp, suna koyar da yaran koleji da na lise masu shirin jarrabawar BEPC da BAC. Magidanci a Tchake, ko Mayahi, ko Tasawa yakan tsaya yana wasiwasi: shin ya sayar da gero ya biya wannan darasi, ko kuwa asara ce? Amsarmu ita ce: darasin yana da amfani, amma da sharuɗɗa.

MATSAYIN LISSAFI

Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumid Din, ya sanya lissafi cikin farillan kifaya, domin ciniki da rabon gado ba su tsayuwa sai da shi. Ma'ana, idan gari ya rasa mai iya shi, laifi ya hau kan kowa. Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajejen shekarar 820, ya cika wani babban sashe na littafin da mas'alolin wasiyya da gado. A ƙasarmu ta Hausa, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan jadawalin lambobi. Haka nan Abdu Mumuni, masanin hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929.

Ga misali daga abin da ke zuwa gaban malamai. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da ƴaƴa mata biyu, da uba, da uwa. Bisa ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i, mata tana da sumuni, ƴaƴa suna da sulusi biyu, uba da uwa kowane yana da sudusi. Asalin mas'alar 24 ne: mata 3, ƴaƴa 16, uba 4, uwa 4. Idan aka tara sai a samu 27, ya zarce 24. Nan ne ake yin auli, wato a raba dukiyar kashi 27, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Idan mamacin ya bar jika 270, kowane kashi jika 10 ne: mata 30, kowace ɗiya 80, uba 40, uwa 40. Wannan ita ce mas'alar da ake kira Minbariyya. Aikin da ke cikinta shi ne dai haɗa kason lambobi da ake koya wa yaro a azuzuwan farko na koleji. Wanda bai iya shi ba zai ci haƙƙin marainiya bai sani ba.

YADDA DARASIN YAKE, DA INDA YAKE LALACEWA

Tsarin da ya dace shi ne: malami ya aiko da bayani da murya, da hoton tambayoyi, yaro ya zauna da takarda da alƙalami ya warware, ya ɗauki hoton aikinsa ya mayar, malami ya nuna masa layin da ya kauce. Amfaninsa a fili yake. Ɗan ƙauye yana samun malamin da ke Maraɗi ba tare da kuɗin mota ba. Ɗiya mace tana karatu a ɗakin uwarta ba ta fita da dare ba. Wanda bai gane ba yana iya maimaita muryar sau goma, ba mai yi masa dariya.

Ɓarnar tana shigowa ta ƙofa biyu. Ta farko, yaro ya riƙa kallon malami yana warwarewa, yana gyaɗa kai, ya ɗauka ya iya. Lissafi kamar noma yake: kallon mai hauya ba ya sa kanta a hannu. Ta biyu, akwai manhajojin da ake nuna wa hoton tambaya su fitar da amsa nan take. Yaro ya kwafe ya aika, malami ya yaba, uba ya biya, alhali kan yaron wayam. Ranar jarrabawa kuwa ba a shiga da waya.

Mafi muni shi ne mai karɓar kuɗi da alkawarin kawo tambayoyin jarrabawa kafin ranarta. Wannan algus ne, kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya barranta daga mai algus a lokacin da ya tarar da wani ya ɓoye jiƙaƙƙen abinci a ƙarƙashin busasshe. Takardar da aka samu ta wannan hanya, gobe da ita za a auna wa marar lafiya magani.

SHARUƊƊA BIYAR GA IYAYE

Na farko: a san malamin, a san inda ya yi karatu, a tambayi malamin ajin yaron game da shi. Wannan ciniki ijara ce, kuma ijara ba ta inganta sai an san lada an san aiki. A yanke tun farko: darasi nawa a mako, gyaran aiki nawa, kuɗi nawa a wata.

Na biyu: a ware lokaci da wuri. Waya ta zauna a zaure ko tsakar gida, a karɓe ta idan an gama. Kada darasi ya ci lokacin salla.

Na uku: a duba littafin aikin yaro. Ko uba bai iya Faransanci ba, idonsa yana ganin bambanci. Shafin mai aiki da kansa cike yake da soke-soke da gyara. Shafin mai kwafe tas yake.

Na huɗu: a gwada shi da Hausa a kan abin gida. An ɗaure dami 130 na geron damina, nawa ne ushuri? Da a ce da injin ban ruwa aka noma, nawa ne rabin ushuri? Tiya ta tashi daga dala 100 zuwa 125, kashi nawa cikin ɗari ta ƙaru? Wanda ya fahimta zai ce 13, da 6 da rabi, da kashi 25, ya kuma faɗi ta inda ya bi.

Na biyar: ɗiya mace ta yi darasi a zauren da kowa ke gani, uwa ko yaya suna ciki. A toshe ƙofar saƙon sirri tsakaninta da malami.

Inda hali ya yi ƙaranci, yara huɗu ko biyar suna iya taruwa a kan waya ɗaya, a raba kuɗin intanet da na caji. Wannan ma ya fi, domin wanda ya bayyana wa ɗan'uwansa darasi ya karanta shi sau biyu. Kwamitin masallaci yana iya ba su tabarma da fitila bayan isha'i.

GA MALAMAI

Ku sani kuɗin nan gumin manomi ne. Kada ku ɗauki yaran da suka fi ƙarfin gyaranku. Ku nemi matakan aiki kafin amsa. Idan yaro ya daina aiko da aiki, ku sanar da ubansa, ko da hakan zai rage muku lada.

Allah Ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna, Ya sa albarka a damina da karatu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.